Haruffa Ɗari Biyu

2 ga Nuwamba

Amarya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, ke da Mama. Ya ƙafarta? Ki riƙa tsayawa a kanta har ta haɗiye maganin, don na san halinta, za ta ce miki ya ƙare alhali yana ƙarƙashin matashi. Ni lafiya lau, sai sanyi. Jiya na fita ba safar hannu, da na dawo yatsuna suka ƙi juya makulli, sai da maƙwabcina ya buɗe mini ƙofa.

Ga wasiƙar imel ta mako-mako da kika ɗora mini tun a filin jirgi. Na san jaruman littattafanki shafi biyar suke cikawa. Ni ki yi haƙuri da rabin shafi.

Bayan haka, aikin da muke yi ni da abokan karatuna biyu ya fara tsayawa da ƙafarsa. Shafi ne na intanet. A nan in sanyi ya shigo, yara kan ninke farar takarda su yanyanka ta da almakashi, in sun buɗe sai ta fito kamar ƙwayar dusar ƙanƙara, mai hannu shida. Mu mun mayar da abin cikin waya. Takardar tana ninke a kan allo, ki ja yatsa ki yanka, ki danna "Buɗe". Mun sa masa suna Furen Ƙanƙara. Ranar sha biyar ga Disamba za mu gabatar da shi gaban malamai, kuma a kansa sakamakonmu ya rataya.

Muna neman wanda zai gwada mana a tsohuwar waya da intanet mai jan ƙafa. Da aka faɗi haka sai na ce ina da mutum. A ƙasan shafin akwai akwatin ra'ayi, duk abin da kika rubuta a ciki wurina yake zuwa kai tsaye. Ki gaya mini abin da ya yi da abin da bai yi ba.

Mijinki,
Injiniya (tunda Mama ta dage)

5 ga Nuwamba

Abin ƙaunata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Ina fatan yatsun sun warware. Ka sayi safar hannu biyu, ka ajiye ɗaya a aljihun rigar sanyi, don na san za ka mance ɗayar a mota. Mama tana gaishe ka. Ƙafar da sauƙi, kuma na gano maganin, ba a ƙarƙashin matashi yake ba, a cikin aljihun keken ɗinkinta yake.

Na buɗe shafinka a bakin tagar falo, inda intanet ke ɗan kamawa. Na yi yanka uku a tsorace, na danna "Buɗe", sai ga abu ya baje a tafin hannuna fari fat, yana juyawa a hankali. Wallahi sai da na yi ƙara. Mama ta fito da gilashinta a kan hanci ta ce, "Lafiya?" Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yanzu yaron nan teku ya tsallaka don ya koyi yankan takarda? Ai da ya yi magana, da na ba shi almakashina tun yana aji uku." Amma daga baya na kama ta tana gwadawa da babban yatsa, tana tsaki don yankan ya karkace.

Ni dai ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a bangon littafi. A littattafan nan in jarumi ya yi nisa, turare yake aikowa ko zobe. Ban taɓa karanta wanda ya aiko wa matarsa sanyin garin da yake ba. Na san za ka ce aikin makaranta ne. Ka bar ni da nawa fassarar.

Na yi alkawari kullum zan yanka fure ɗaya in adana. Jiya na fara. Akwai dalili, kuma dalilin yana cikin akwatin ra'ayinka. Ranar Litinin Yaya, babbar 'yar'uwata, ta raka ni wani wuri, mun dawo da labari. Na juya shi a raina, in faɗa maka a waya ranar Lahadi? To Mama ce ke riƙe da wayar, murya a buɗe, ni ina gefe kamar baƙuwa. In rubuta a nan? Sai na ga ya fi kyau ka tsince shi a cikin abin da hannunka ya gina, kana tsakiyar aiki, ba zato. Na ma ga yadda za ka miƙe tsaye kujera ta faɗi. Sau ɗaya na iya rubuta shi, kunya ba za ta bar ni in maimaita ba.

Abin da zan ƙara kawai, ƙamshin sabulunka da ka bari a banɗaki yanzu tayar mini da zuciya yake yi, kuma Mama ta hana ni ɗaukar bokiti.

Ina jiran amsarka kamar yadda ka sani.

Amaryarka

14 ga Nuwamba

Amarya,

Sallama. Ina fatan kowa lafiya. Ki gaishe da Mama, ki ce mata almakashinta ba ya aiki da intanet. Ni ina nan, mura ta ɗan taɓa ni ta sake ni. Ki yi haƙuri da jinkiri, aiki ya sha kanmu. In sabulun ya dame ki, ki jefar.

Na ga abin da kika rubuta a akwatin ra'ayi. Na gode, amma gaskiya ba shi nake buƙata yanzu ba, kuma ba lokacinsa ba ne. Kaina ya cika. Ki bar irin wannan sai bayan sha biyar ga wata mai zuwa, in na samu sarari. Abin da zai taimake ni yanzu shi ne ki gaya mini: daƙiƙa nawa shafin ke ɗauka kafin ya buɗe? Yatsa yana yanka inda kika nufa? Maɓallin "Koma baya" yana aiki? Ki jero su da lamba, ɗaya, biyu, uku, ba sai kin yi dogon bayani ba. Dogo, abokin aikina, ya ce masu gwada mana duk sun aiko da matsaloli, ni kaɗai matata ta aiko da soyayya.

Ki kula da kanki.

Injiniya

16 ga Nuwamba

Maigida,

Sallama. Ina fatan murar ta tafi gaba ɗaya. Muna lafiya. Mama ta ce a gaishe ka.

Na karanta wasiƙarka sau huɗu. Sau biyu a falo, sau biyu a banɗaki da famfo a buɗe don kada Mama ta ji ni. Na nemi wata kalma da na tsallake, ban samu ba. Ban san irin wannan labari yana da lokacin da ya dace da wanda bai dace ba. Shi dai bai tambaye ni lokaci ba kafin ya zo. Kuma ban san har Dogo ya samu abin dariya a ciki ba.

Na ji. Ba zan ƙara tayar da maganar ba sai ka tayar da ita da kanka. Na roƙi Mama ita ma kada ta taɓa ta a waya. Ta ce dama ba huruminta ba ne, magana ce ta miji da mata, amma ta daɗe tana kallona.

Ga abin da ka nema.

Ɗaya. Shafin yana ɗaukar daƙiƙa goma sha tara a bakin taga. A ɗakinmu ba ya buɗewa sam.

Biyu. In na yanka kusa da bakin takarda, yankan yana zamewa hagu.

Uku. "Koma baya" yana aiki. Duk abin da na yanke, in na danna, sai ya dawo kamar ba a taɓa shi ba.

Huɗu. In na adana fure, ba inda zan rubuta masa suna. Sai lamba kawai yake ba shi. Yau na yi na goma sha uku.

Na jefar da sabulun.

Matarka

30 ga Nuwamba

Maigida,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu muna nan. Mama ta koma kan kekenta, tana ɗinka wasu ƙananan abubuwa da take ɓoyewa in na shigo.

Mako biyu ba wasiƙa. Ranar Lahadi ka yi minti huɗu a waya, uku na Mama, ɗaya na tambayar ko yankan ya daina zamewa. Ya daina. Sannu da aiki.

Na sake rubuta maka a akwatin sau biyu, duk da na ce ba zan ƙara ba. Kowane lokaci shafin yana nuna mini koren rubutu: "Mun gode, saƙonka ya iso." Sai in zauna ina kallon koren nan.

Na daina karanta littafin da na fara. Jarumin ya bar taron kamfani ya hau jirgi don matarsa ta yi ciwon kai. A da sai in rungume littafin. Yanzu haushi yake ba ni.

Bayana yana ɗan ciwo kwana biyu. Yaya ta ce in rage hawa bene. Fure na ashirin da bakwai ya fi kowanne kyau, in ka samu sarari ka duba.

Matarka

17 ga Disamba

Amaryata,

Sallama da babbar gaisuwa! Ya jikin? Mama ta ce zazzaɓi ya kwantar da ke kwana biyu a asibiti amma kin samu sauƙi. Allah ya ƙara lafiya. Ki riƙa cin abinci, na san ki da wasa da ciki.

Albishirinki! Mun gabatar, kuma mu muka zo na ɗaya. Wani babban malaminmu da ba ya murmushi sai da ya yanka fure uku a gabanmu. Na ambace ki, na ce matata ce ta gano zamewar yanka, aka tafa. Wani kamfani ma ya nemi mu zo mu zauna da su bayan hutu.

Na san na yi laifin shiru. Wasiƙunki biyu na gan su, na ɗauki lambobin na yi aiki da su, sauran na ce sai na natsu. Yanzu na natsu. Ki rubuto duk soyayyar da kike so, shafi goma ma zan karanta.

Abu ɗaya: in kin shiga shafin za ki ga babu furanninki. Kafin gabatarwa mun share duk abin da masu gwaji suka adana don a fara da tsabta. Haka ake yi. Na ga kin tara da yawa, sai ki sake wasu, yanzu ma ya fi sauri.

Mijinki na ɗaya a aji,
Injiniya

22 ga Disamba

Maigida,

Sallama. Ina taya ka murna. Mama lafiya. Ka tambayi jikina, to bari in gaya maka.

Ba zazzaɓi ba ne. Ranar sha uku ga wata da hantsi ina shanya a baranda na ji abu ya tsinke mini a mara. Kafin Yaya ta iso da mota na jiƙa zane biyu. A asibiti suka kwantar da ni a gado na ƙarshe, kusa da taga mai fasasshen gilashi da aka toshe da kwali. Likita ta duba ta ce cikin ya zube. Wata uku da kwanaki. Aka yi mini wankin ciki da la'asar.

Nas ɗin da ke cike takarda ta ce, "Ina maigidan?" Yaya ta ce yana karatu a waje. Ta ce, "An sanar da shi?" Mama ta ce, "Jibi yake da jarrabawa, a bar shi tukuna." Ni ina kwance ina jin su. Ban ce a kira ka ba. Mutumin da ya ce zuwan abu ba lokacinsa ba ne, me zan gaya masa game da tafiyarsa?

Furannin da ka share talatin da tara ne. Kowace safiya ɗaya, tun ranar da na rubuta maka. Na yi niyyar in ya zo duniya in nuna masa, in ce ga kwanakin da muka yi muna jiran babanka ya ce wani abu. Da na dawo daga asibiti su na fara nema. Na tarar da shafi fari, da rubutu a tsakiya: "Ba ka yanka komai ba tukuna."

Mama ta kwashe 'yan rigunan da ta ɗinka ta kulle a akwatinta. Ba ta san na gani ba.

Tambaya ɗaya nake da ita, kuma ka amsa da lamba in ka fi so. Da ka karanta cewa ina ɗauke da cikinka, me ka ji kafin ka rubuta mini "ba shi nake buƙata yanzu ba"?

Matarka

23 ga Disamba

Amarya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kira sau goma sha ɗaya, Mama ta ce kin ce ba za ki iya magana ba. Ya jikinki? Don Allah ya jikinki?

Wallahi ban sani ba. Wallahi tallahi ban san kina da ciki ba sai yau.

Na koma na buɗe rumbun da saƙonnin akwatin ke shiga. Akwatin haruffa ɗari biyu kawai yake ajiyewa. Ni na sa haka da hannuna tun farkon aikin, don muna tsammanin gajerun bayanai, kuma na mance ban sa ya gargaɗi mai rubutu ba. Mutum zai iya rubuta shafi guda, ya karɓa, ya ce ya iso, amma abin da ya haura ɗari biyu zubar da shi yake yi. Ga duk abin da ya iso gare ni ranar huɗu ga Nuwamba:

"Assalamu alaikum maigidana, abin ƙaunata. Ina fatan kana lafiya, ya sanyi, ya karatu, ya abokan aikinka? Mama tana gaishe ka, ƙafarta da sauƙi. Bayan haka, ina so ka zauna kafin ka karanta, domin jiya"

Nan ya tsaya. Sauran biyun ma haka, gaisuwa ce ta cinye su. Gaisuwar nake nufi da na ce ba ita nake buƙata ba. Ita Dogo ya gani ya yi dariya. Ba ɗana ba. Ta yaya zan ce haka a kan ɗana?

Na nemi ragowar saƙon ko'ina, babu, bai taɓa shiga ba. Furannin ma na tambayi Dogo ko akwai kwafi, ya ce ba mu ajiye ba.

Na gyara akwatin yau da safe, yanzu yana ɗaukar haruffa dubu biyar. Ina neman jirgi. Kamfanin nan sun sa zaman ranar takwas ga Janairu, in an gama washegari zan taso. Ki yafe mini. Kuskuren na'ura ne, ba na zuciyata ba.

Mijinki

6 ga Janairu

Ban fara da gaisuwa ba, kada ta cinye mini wuri.

Na yarda ba ka sani ba. Na kwana biyu ina jin sauƙi da hakan, har na ci abinci. Sai na sake karanta guntun da ka turo, na ga inda ya tsaya. "Ina so ka zauna kafin ka karanta, domin jiya." Wannan ai ya iso gare ka. Matarka ta ce ka zauna, ta ce jiya, maganarta ta yanke a tsakiya, kuma kwana arba'in da tara ba ka tambayi me ya faru jiya ba. Na gaya maka sabulu yana tayar mini da zuciya, ka ce in jefar. Na ce an hana ni ɗaukar bokiti. Na ce bayana yana ciwo. Waɗannan ba a akwati na rubuta su ba, a wasiƙa ne, kuma wasiƙa ba ta da iyakar haruffa. Da bakinka ka ce ka ɗauki lambobin ka bar sauran. Na'urar taka ɗari biyu take karantawa kafin ta daina. Kai ban san ko ka kai hakan ba.

Ni ma ina da nawa. Na ɗauki labari mafi girma a rayuwata na jefa a ramin da ban san zurfinsa ba, don ina son kujera ta faɗi kamar a littafi. Da na buɗe baki ranar Lahadi a gaban Mama na faɗa da kalma uku, da kunyar minti ɗaya ce. Yaya ta gaya mini haka ba sau ɗaya ba, ba sai ka ƙara ba. Littattafan na zuba su a kwali na ba 'yar maƙwabta.

Tun farko ka ce in riƙa ba ka ra'ayi, to ga na ƙarshe.

Shekaranjiya na ari almakashin Mama. Na ɗauki takardar sallamar asibiti, na ninke ta yadda shafinka ya koya mini, na yanka. Furen ya fito a karkace, hannu ɗaya ya fi sauran tsawo. Amma ba shi ya tsayar da ni ba. Da na miƙe, sai na ga cinyata cike da 'yan guntaye, wasu a ƙasa, wasu a cikin zanena. A shafinka abin da aka yanke ɓacewa yake yi, allo ya zauna tas. Ban taɓa lura ba sai ranar. Mama ta shigo da tsintsiya, na ce ta bari. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya na zuba a ambulan. Yana kan teburinka, ƙarƙashin agogon da ka bari. Furen na tafi da shi.

Sai akwatin. Dubu biyar ɗin ba su dame ni ba, ka mayar da shi ɗari biyu in ka ga dama. Abin da nake so ka gyara shi ne koren rubutun nan. In ya daina sauraro, ya gaya wa mutum ya daina. Kada ya ce "Mun gode, saƙonka ya iso."

Yaya ta zo da mota, tana ƙasa tana jira. Zan zauna a wurinta. Mama ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "'Yata, har yaushe?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To ki tafi da almakashin, ni na daina gani sosai." Maganinta yana cikin aljihun keke, safe da yamma, bayan abinci. Na rubuta a takarda na manna a jikin firiji.

Ka yi zamanka da kamfanin ranar takwas, kada ka fasa. In ka sauka, ka san gidan Yaya. Kada ka rubuto, kada ka turo komai. Ka zo da ƙafarka ka zauna, in gaya maka abin da ya faru jiya, tun daga farko, da gaisuwar da komai. In ka kai ƙarshe ba ka duba wayarka ba, sai mu ga abin da ya rage.